BADUKU DA KEKEN ƊINKI

Jawabi ga 'yan ajin Yaƙi da Jahilci na Dawaki, ƙasar Rano

Yau maganarmu a kan dukanci ce. Dukawa da yawa na nan Dawaki, da na Rano da Kibiya, sun tambaye mu batun keken ɗinkin fata. Waɗansu sun zuba adashi, waɗansu sun sayar da amfanin gona, suna so su tafi Kano su sayo. Kuɗin ba kaɗan ba ne. In mutum ya sayo wanda bai dace da aikinsa ba, wahalar shekara guda ta tafi a banza. Don haka ku kasa kunne.

Sana'ar fata tsohuwa ce a ƙasar Kano. Jar fatar akuya da majemanmu su ke jemewa da bagaruwa, su rina da karan dafi, ta daɗe tana ƙetare hamada, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can ta ke isa wurinsu. Baturen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta labarin takalman da a ke fita da su zuwa ƙasashe masu nisa. Duk da hannu aka ɗinka su. A wannan shekarar kuwa, can Amurka, wani mutum wai shi Isaac Singer ya sami takardar izinin keken ɗinki da ya ƙera. Sunansa ne ku ke gani a jikin tsofaffin kekuna har yau.

To, abu na fari, keken tela dabam, keken baduku dabam. Baƙin keken nan na Singer ko Butterfly da ku ke gani a rumfar teloli, don yadi aka yi shi. Ya kan ɗinka fatar tunkiya mai laushi ninki biyu, in an lallaɓa shi. Amma ku sa masa ƙirgi ku gani. Allura ta karye, zare ya tsinke, kwana kaɗan ƙarafan ciki su kwance. Nauyin ƙarfe kuma kada ya ruɗe ku. Akwai babban keken teloli mai aiki da lantarki, wanda mai kanti zai ce muku ai wannan na masana'anta ne, ba abin da ba ya ɗinkawa. Gaskiya ne na masana'anta ne, amma ta riguna. Gudu aka yi shi dominsa, ya kan soka allura wajen sau 5,000 a minti guda. Baduku ba gudu ya ke nema ba. Abin da ya ke so keke mai tafiya a hankali da ƙarfi, kamar takarkari.

Ga dalilin. Keken tela da haƙoran ƙasa kaɗai ya ke jan yadi, ƙafar da ke sama dannewa kawai ta ke yi. Fata kuwa tana manne wa ƙafar nan. Sai ta ƙasa ta tafi, ta sama ta tsaya, ku kai ƙarshen ɗinki ku tarar baki bai zo daidai ba. Kekunan fata an yi musu dabarar da za ta hana wannan.

Wanda ku ka fi gani shi ne na masu gyaran takalma, mai dogon hannu siriri. Na Singer lambarsa 29K. Harafin K ɗin nan alamar ma'aikatar Kilbowie ce, a Clydebank ta ƙasar Sikotilan, inda aka ƙera shi. An rufe wannan ma'aikata a 1980. Ashe duk Singer mai K da za a nuna muku ya haura shekara 40, kome kyaun fentinsa. Jamusawa sun yi irinsa mai suna Adler, mutanen Sin kuma suna ƙera sababbi a kan fasalinsa. Amfaninsa shi ne, hannun nan yana shiga cikin takalmi ko kurufai ko jaka, ƙafarsa kuma tana juyawa kowane gefe, ku ɗinka gaba ko baya ko a karkace ba ku juya aikin ba. Da hannu ko da ƙafa a ke tuƙa shi, ba ruwansa da lantarki, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙauye. Amma yana da iyaka. Kaurin da ya ke iyawa bai wuce rubu'in inci ba. Ƙwarƙwaronsa ɗan mitsitsi ne, zare ba ya daɗewa ya ƙare. Ƙafarsa kuma tana da haƙora, ta kan bar shaida a kan fata mai laushi. Keken faci ne da gyara. Wanda ke so ya riƙa fitar da jakunkuna goma goma, wannan zai gajishe shi.

Mai jakunkuna da timtim da gafaka da ɗamara, nasa shi ne wanda a ke ce wa mai tafiya da ƙafa. Ƙafafunsa biyu ne, ɗaya na ɗagawa ɗaya na dannewa, kamar mutum yana taku, allura da haƙoran ƙasa kuma suna tafiya tare da fatar. Saboda haka ta sama da ta ƙasa ba su rabuwa. Singer 111W irinsa ne, da Pfaff 545 na Jamus, da Juki LU-563 na Japan. Waɗansu shimfiɗaɗɗu ne kamar tebur, waɗansu suna da hannu kamar turmi a kwance, don ɗinkin gindin jaka. A ganinmu yawancin dukawan da suka tambaye mu wannan ne ya dace da su. Sai dai da mota a ke sayar da shi, watau injin lantarki da ke ƙarƙashin tebur. Tsohuwar irin motar nan tana da fizga, da an taka sai ta zabura. Akwai sabuwa wadda a ke ce wa sabo, ita ana rage mata gudu, ba ta kuma cin wuta sai an taka. In kuɗi bai kai ba, a sa wa tsohuwar ƙaramar gargare, gudun zai ragu, ƙarfi ya ƙaru. Kafin ku biya kuɗin mota, ku tambayi kanku kwana nawa ku ke samun wuta a mako.

Akwai kuma manya na kayan doki, irin Singer 45K, masu huda ƙirgi ninki biyu da zare mai kauri. Suna da tsada, ba su kuma yin aikin ƙawa. Nan ƙasar dawaki ce, ga hawan salla a Rano, mun san akwai masu sha'awarsu. Amma mu dai shawararmu, majayi da igiyar likkafa a bar su ga ɗinkin hannu. Ɗinkin keke zare biyu ne da suka sarƙe a tsakiya, in ɗaya ya tsinke ya kan warware. Mahayi kuwa ransa a kan majayin nan ya ke.

Yanzu sai saye. Ranar da za ku tafi Kano, kada ku tafi hannu sake. Ku yanki irin fatar da ku ke aiki da ita kullum, ku ninka ta kamar yadda ku ke ninkawa a wurin da ya fi kauri, wajen hannun jaka ko marikin takalmi. Ku sa a aljihu, da zarenku. Mai kanti yana da ƙyallen da ya ke gwaji da shi, wanda ya san keken zai ɗinka. Ku ce a gwada da naku. In ya ƙi, ku yi masa sallama. Ku fara biyawa ta Ƙofar Wambai, inda masu kayan takalma su ke, ku tambayi masu aiki da irin keken da ku ke so, ku ji wa ke gyara musu, ina kuma su ke samun allura. Keken da ba a samun allurarsa da ƙoshiyarsa a Kano, ko kyauta aka ba ku, kaya ne kawai. Alal misali, cikin dangin 29K, masu lamba 71 da 72 da 73 an fi samun kayan gyaransu bisa ga na dā can.

Wurin gwaji kada ku ji kunya. Ku zauna ku tuƙa da kanku. Ku juya gargaren da hannu a hankali, ku ji ko yana cijewa a wani wuri. Ku kama ƙarfen da ke riƙe allura ku girgiza, in yana kaɗawa ya ci. Ku fitar da ƙoshiya ku shafa bakinta da yatsa, ya kamata ya zama da tsini, sumul, ba kaushi. Ku duba gangar jikin ko akwai tsaga ko walda a ƙarƙashin sabon fenti. Mai dogon hannu kuwa yana da gwaji nasa. Ku buɗe tsawon ɗinki har iyaka, ku ɗinka fata marar kauri, ku auna. Lafiyayye ya kan ba da huda 5 a inci guda. In ya ba da 8 ko fiye, ƙarafan da ke jan ƙafar sun cinye, a rage muku kuɗi ko ku bar shi.

In ciniki ya faɗa, ku karɓi rasit. A rubuta sunan keken, da lambar irinsa, da doguwar lambar da aka buga a jikinsa, da kuɗin, da kwanan wata, da abin da aka haɗa muku: tebur, mota, ƙoshiya, ƙwarƙwaro nawa. Ku karanta da kanku, ku gwama da abin da ke jikin ƙarfen. Nan karatun da ku ke yi a wannan aji zai yi muku rana. In ku biyu ko uku ku ka haɗa kuɗi, a rubuta sunan kowa da abin da ya zuba, tun kuna shiri.

To, keke ya iso gida. Yawancin abin da a ke kai wa makaniki ba lalacewa ba ce, rashin daidaitawa ne. Ku fara da allura. Allurar yadi bakinta zagayayye ne, tana ratsa tsakanin zare. Fata ba ta da zare, sai an yanka ta, don haka allurar fata bakinta kamar 'yar wuƙa ya ke. A jikin takardar allura akwai lamba iri biyu. Ta fari tana nuna irin keken: 29x4 ta fata ce ta mai dogon hannu, 135x16 ta fata ce ta mai tafiya da ƙafa. In kun ga 29x3 ko 135x17, keken ɗaya ne amma ta yadi ce. Lamba ta biyu kauri ce: 16, 18, 20, 22, yadda lamba ta ƙaru haka allura ta ke ƙara kauri. Ku rubuta taku a littafinku. Don ku san ko zare ya dace da allura, ku zura shi a kafarta tun ba ku ɗaura ba, ku riƙe bakin zaren biyu ku karkata. In allura ta zame da kanta, sun dace. In ta maƙale, zaren ya yi mata kauri, zai riƙa tsinkewa. Wurin ɗaurawa ku tura ta sama har ta tsaya. Tana da dogon kwari a gefe guda, shi ne zai fuskanci inda zare ke shigowa, watau hagu a kekunan nan. Allurar da aka ɗaura a karkace ita ce ta kan sa keke tsallake.

Sa'an nan ƙarfin zare. Wannan shi ya fi ba mutane wuya, alhali kuwa ido kaɗai ya ke so. Zaren sama da na ƙasa kamar mutum biyu ne suna jan igiya, ƙullin ya kamata ya ɓuya a tsakiyar fata. Ku ɗinka guntu ku duba fuska biyu. In ƙulli ya fito a sama, zaren sama ya fi ƙarfi, ku sassauta notin da ke gaban keken. In ya fito a ƙasa, ko zare ya yi tsumma a can, na sama ya yi sako-sako, ku ƙara ɗaurewa. Kaɗan kaɗan, rubu'in juyi, ku sake gwadawa. Kada ku taɓa abu biyu gaba ɗaya, don ba za ku san wanda ya gyara ba. Ɗan sukurun da ke jikin ƙoshiya ku bar shi, sai in kun sake kaurin zare. Don sauƙin gani, ku gwada da zare launi biyu, fari a sama baƙi a ƙasa.

Ƙafa ma ana daidaita dannawarta da notin da ke bisa kan keken. In fata tana tasowa tare da allura, dannawa ta yi kaɗan, keke zai yi tsallake. In ƙafa tana barin sawu a kan jar fata, ta yi yawa. Tsawon ɗinki kuma kada ku matse shi kamar na riga. Kun ga kan sarki, yadda aka jera masa huda don ya yage da sauƙi? Haka fata ta ke yi in huda ta yi kusa da juna. Huda 6 zuwa 8 a inci ta isa yawancin aiki. Ku tuna kuma, huda a fata ba ta rufewa. Abin da ku ka ɓata ya ɓaci, shi ya sa kullum a kan fara da guntu. In kun manna da gam kafin ɗinki, ku bari ya bushe sarai, in ba haka ba zai naɗe allura. Ku fere bakin fata da aska inda ninki ya yi yawa. Farkon ɗinki ku riƙe jelar zaren biyu har huda uku.

In kun yi duk wannan keke bai bar tsallake ba, to, saduwar allura da ƙoshiya ce ta goce. Bakin ƙoshiya ya kamata ya iso bayan allura sa'ad da ta fara tasowa daga ƙasa kamar milimita 2, ya ɗauki zaren. Wannan aikin makaniki ne. Amma ku tsaya a kansa ku kalla.

Mai kuwa, farin man keke za ku sa, ɗigo guda a kowace kafa, kowace ranar aiki. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su zama danƙo, baƙin man mota kuma yana ɓata fata. Da hunturu ku rufe keke da zane saboda ƙura, da damina ku ɗaga shi daga ƙasa saboda tsatsa. Tsirkiyar da ke juya keken ƙafa ta fata ce. Ba sai mun gaya wa baduku inda zai samo ta ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, kowa ya zo da guntun fatarsa da zarensa, wanda ke da takardar allura kuma ya kawo. Za mu rubuta lambobin a allo mu karanta tare. Mu tashi lafiya.