Mai Tsaron Ƙofar Rumbu: Jawabi Kan Kula da Jerin Manhajar da Ake Saukewa

 Abin da za mu tattauna a yau ƙaramin aiki ne a ido, wanda ba a yi wa mai yinsa tafi, amma idan aka yi sakaci da shi wahalar mutane da yawa takan tashi a banza.

Akwai wata irin manhajar kwamfuta da ake kira buɗaɗɗiya, watau wadda aka bar asalin rubutunta a fili domin kowa ya karanta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, da Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, suna cikin fitattunsu. Yawancin wannan aiki na gayya ne, mutane daga ƙasashe dabam-dabam ke haɗa hannu. To, amma duk yawansu, mai neman manhajar ta ƙofa ɗaya yake shiga, ita ce jerin da aka lissafa abin da zai sauke: sunan bugun, da lambarsa, da ranar fitowarsa, da mahaɗin da zai kai shi ga fayil ɗin. Masu rubuta manhaja su ne manoma, mai kula da wannan jeri kuwa shi ne mai tsaron ƙofar rumbu. In ya auno wa baƙo hatsin bara da gara ta ci, babu wanda zai tuna cewa an yi noma mai kyau a bana.

Dalilin da ya sa jerin ke saurin tsufa shi ne manhaja ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ubuntu takan fitar da sabon bugu sau biyu a shekara, a watan Afrilu da Oktoba, lambar kuma ita ke faɗin lokacin: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Bugun da aka saba ana kula da shi wata 9 kawai, na dogon zango kuwa, wanda ke fita duk shekara biyu, shekara 5. Saboda haka jerin da yake daidai a yau, bayan 'yan watanni yana iya nuna wa mutum bugun da aka daina toshe masa ɓaraka, alhali kuwa shi bai sani ba.

Wani lokaci ma ba watanni ake ƙirgawa ba, kwanaki ne. A watan Disamba na 2021 aka bayyana wata babbar ɓaraka a Log4j, wata ƙaramar manhaja ta gidauniyar Apache wadda ɗimbin kamfanoni da ma'aikatu ke amfani da ita. Aka fitar da bugu na 2.15.0 domin toshe ta, sai aka ga gyaran bai cika ba. Aka biyo da 2.16.0, sa'an nan 2.17.0, kana 2.17.1, duk kafin watan ya ƙare. Ku duba halin ma'aikacin da shugabansa ya umarce shi da ya sabunta manhajar ofis a cikin makon nan. Idan jerin da ya dogara da shi ya makara da kwana uku, zai sauke gyaran da ba ya gyara, ya rubuta rahoto cewa an gama, kowa ya kwanta da ƙofa a buɗe.

Tsufa ba shi kaɗai ne haɗari ba, akwai kuma ha'inci. Ran 20 ga Fabrairu 2016 wasu suka kutsa cikin gidan Linux Mint na intanet. Ba su taɓa asalin manhajar ba. Mahaɗin saukewa kawai suka karkatar, ya koma nuna wani gurɓataccen kwafi na bugu 17.3 wanda aka dasa wa ƙofar baya. A watan Mayu na 2017 kuma irin wannan ya auku ga HandBrake, manhajar sarrafa bidiyo: aka musanya fayil ɗin kwamfutocin Mac a ɗaya daga cikin rumbunan da ake saukewa, ya yi kwanaki huɗu yana can kafin a ankara. A duka biyun masu rubutu sun yi aikinsu, a bakin ƙofa aka ci amanar jama'a.

To, mene ne magani? Waɗanda suka daɗe a wannan fage sun tsaya a kan ka'idoji kaɗan, muna kuwa ganin ya kamata kowane ɗalibi ya san su.

Na farko, a ajiye lambar bugu a wuri ɗaya tak, sauran wurare su riƙa ɗauka daga can. Idan aka rubuta ta da hannu a wuri biyar, lalle wata rana za a gyara huɗu a manta ɗaya. Shi ya sa manyan ayyuka ke barin na'ura ta shirya jerin da kanta duk sa'ad da aka fitar da bugu. Gidan da ake sauke cibiyar Linux, watau kernel.org, haka yake yi, yana kuma sa alama a fili ga bugun da kwanansa ya ƙare.

Na biyu, a raba sabo da tsoho. Ka'idar Apache ita ce bugun da ake kula da shi kaɗai ke zama a gaba, tsofaffi a kwashe su zuwa ma'adana ta dabam. Ba a zubar da su, gama mai bincike yana iya bukatarsu, amma ba a barin baƙo ya yi tuntuɓe da su.

Na uku, kowane fayil ya zo da shaidarsa. Akwai wata doguwar lamba da ake lissafawa daga cikin fayil ɗin, irin su SHA-256, wadda takan sāke gaba ɗaya ko da harafi ɗaya aka taɓa. Sai dai ita kaɗai ba ta isa ba, domin wanda ya iya sauya mahaɗi yana iya sauya lambar da ke kusa da shi. Don haka ake ƙara hatimin sirri na masu aikin, wanda ɓarawo ba ya iya kwaikwaya sai ya mallaki mabuɗinsu.

Na huɗu, wanda muke ganin ya fi sauran nauyi, a ɗora aikin a kan mutum sananne, a kuma sa shi cikin matakan fitar da bugu, yadda ba za a yi shela ba sai an gwada kowane mahaɗi an ga ya kai inda aka nufa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da aka ce na kowa ne, a ƙarshe babu mai yinsa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Ɗalibi a nan yakan sayi data da kuɗin abincinsa ya sauke fayil mai nauyi, sa'an nan ya zuba a filashi abokai goma su kwafa. In tun farko tsoho ko gurɓatacce ya samu, ya raba wa goma ke nan. Saboda haka kafin mu sauke, mu duba lamba da kwanan wata, mu kuma gwada shaidar. Wanda yake son shiga irin wannan gayya amma yana ganin ilminsa bai kai ba, ga ƙofa: ya ga mataccen mahaɗi ko tsohuwar lamba, ya kai rahoto, ko ya aika da gyara.

Ku kuma da kuka fara aikin gwamnati, kun san darajar rajistar da ake cikewa a kan lokaci, da ɓarnar da tsohuwar sanarwa ke yi in aka bar ta a jikin allo. Wannan ma haka yake. Muna fata za mu riƙe shi da muhimmanci a duk inda aka ba mu tsaron ƙofa.