Ɓarakar Iska A Babur: Yadda Za A Gane Ta, A Gyara

 

A ƙauyukanmu babur ba kayan ado ba ne. Shi ne ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ne ke kai masara kasuwa ya dawo da taki. In ya kwanta, aikin gida guda ya kwanta. Don haka yau zan yi magana a kan wani ƙaramin abu da ke cinye injin tsohon babur a ɓoye, wato iskar da ke shiga ta ɓaraka tsakanin akwatin iska da kafireta.

Bari mu fara da yadda inji yake numfashi. Ba fetur kaɗai yake ƙonawa ba, sai an gauraya shi da iska. A ma'aunin nauyi, kashi 1 na fetur yana bukatar wajen kashi 15 na iska. Lita 1 ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000, wato cikin durom 45. Dukan wannan iska ya kamata ta bi hanya ɗaya tak: ta shiga akwatin iska, soso ya tace ta, ta bi ta bututun roba zuwa kafireta, kafireta ta haɗa ta da mai, sa'an nan ta wuce cikin inji. Ku tuna da ƙurar hanyoyinmu lokacin hunturu. Soson nan shi ne mai gadin inji.

Kamfanin Honda ya fitar da babur ɗinsa CG125 a shekarar 1975 domin ƙasashe masu hanyoyi irin namu, ya sa masa soso wanda za a wanke a mayar. Da yawa daga cikin baburan Caina da muke hawa a kan tsarin injinsa aka ƙera su. Amma komai kyan soso, ba ya iya tace iskar da ba ta bi ta cikinsa ba.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Roba tana tsufa. Zafin inji da na rana da tururin fetur suna busar da ita, ta taurare, ta tsuke, ta tsattsage. Wani lokaci ma robar lafiya take, amma an cire kafireta an wanke, wajen mayarwa ba a zaunar da bakin robar daidai ba, ko an bar zoben ƙarfen da ke matse ta sako-sako.

Akwai roba biyu a jikin kafireta, kuma cutarsu ba ɗaya ba ce. In ta baya ce ta tsage, wadda ke zuwa daga akwatin iska, babur yana iya ci gaba da tafiya kamar babu komai, amma yana shan ƙura. Ƙurar nan yashi ce mai laushi. Tana haɗuwa da baƙin mai ta riƙa goge ringi da fistin da bangon silinda kullum. Bayan 'yan watanni sai a ga hayaƙi a salansa, baƙin mai yana raguwa, babur ba ya jan kaya a tudu. Robar da kuɗinta bai kai na cika tanki ba ta jawo an buɗe inji.

In kuwa ta gaba ce, wadda ke tsakanin kafireta da inji, iska tana shiga ba tare da mai ba, sai haɗin ya tsinke kamar kunun da ruwa ya yi wa yawa. Alamunsa su ne: babur yana wuyar tashi sai an ja cok, in an saki totur inji ba ya sauka da wuri, salansa tana tusa a gangare, inji yana zafi fiye da kima. In ka cire fulogi za ka ga bakinsa fari fat, maimakon launin ƙasa-ƙasa na lafiyayyen inji.

To, yaya mutum zai gane? Ga hanyoyi uku da kowa zai iya yi a gida.

Na ɗaya, ka kashe inji ya huce, ka goge robar, ka haska tocila, ka lanƙwasa ta da yatsa ta kowane gefe. Tsagewa tana ɓuya a ƙasa da kuma cikin lanƙwasa. Ka girgiza kafireta da hannu. In tana motsi a cikin robar, zobe bai kama ba.

Na biyu, ka cire soso ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayansa. Wurin nan ya kamata ya zama da tsabta. In ka ji gari-gari a yatsanka, ƙura tana samun hanya.

Na uku, ka ta da inji ka bar shi a silo, ka toshe bakin da iska ke shiga akwatin da tafin hannu. Lafiyayyen babur zai shaƙe ya mutu. In ya ci gaba da aiki kamar ba a taɓa shi ba, yana samun iska ta wani wuri. Ka duba murfin akwatin, da ɗan bututun zubar da ruwa da ke ƙarƙashinsa, da tiyon da ke zuwa daga inji. Waɗansu sukan yayyafa fetur a kan roba inji yana aiki, don su ji ko ƙararsa za ta canja. Ina roƙonku kada ku yi haka. Tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi ya isa ya ƙone babur da mai shi.

Yanzu ga gyara. Ka rufe makunnin mai, ka share ƙasa daga wurin kafin ka kwance komai, don kada ta faɗa ciki. In robar ba ta tsage ba, taurarewa kawai ta yi, ka jiƙa ta a ruwan zafi na ɗan lokaci, za ta yi laushi. Kada ka gasa ta a wuta. Ka sassauta notukan da ke riƙe akwatin iska domin ya iya matsowa gaba, gama tsohuwar roba takan gajarta. Ka zaunar da bakin robar a wuyan kafireta ko'ina ya shiga, ka sa zobe a gurbinsa, ka ɗaure da sukudireba har ya kama, ba har ya yanka robar ba. Daga ƙarshe sai ka ɗaure notukan akwatin.

In ta tsage, magani shi ne sabuwa. Ka tafi shago da tsohuwar a hannu a gwada, gama babura suna kama da juna amma bakin kafiretarsu ba ɗaya ba ne. Manne ta da sufa gulu ba ya daɗewa, yakan bushe ya sake tsagewa. Silikon na gama-gari kuma fetur yana lalata shi, gutsurensa ya shige kafireta. In a daji abin ya same ka, ka naɗe wurin da tsohon tub ka ɗaure, amma wannan na kai ka gida ne, ba na shekara ba.

Kada a manta da soso. A wanke shi da kananzir, a matse ba tare da murɗawa ba, a shanya a inuwa, a ɗiga masa baƙin mai sabo kaɗan, a matse rarar. Man ne ke kama ƙura. In matatar ta takarda ce, ba a wanke ta, ba a sa mata mai, sai a kakkaɓe ko a canja. Masu cire soso gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu, injinsu suke sayarwa da araha.

Abu na ƙarshe: kada ka bari a taɓa sukurun daidaita mai a kafireta kafin a toshe ɓaraka. In an ƙara mai don a rufe matsalar, kuɗin fetur zai ƙaru, ƙura kuma tana nan tana shiga. A gyara roba tukuna, sa'an nan bakanike ya daidaita silo.

Iyayenmu mata, ku ma kuna da hannu a nan, gama kuɗin gyaran inji daga rumbu yake fita. Ku riƙa tambaya ko an duba. Masu babura kuma, kowane wata, da kuma duk ranar da aka wanke kafireta, ku ba robar nan minti 5.

 Allah ya kiyaye hanya.