Awa Uku Gaban Baƙin Allo: Shirin Cin Jarrabawar RHCSA

Gabatarwa

Wannan takarda ta duba jarrabawar EX200 ta kamfanin Red Hat da ke birnin Raleigh a Amurka, wadda wanda ya ci ta ke samun takardar shaidar RHCSA, wato ƙwarewa wajen kula da manyan kwamfutocin ma'aikata masu aiki da Linux. An ɓullo da shaidar a 2010, ta maye gurbin tsohuwar shaidar RHCT, kuma takan yi shekara 3 kafin a sabunta ta.

Yadda jarrabawar take

Ɗalibin da ya saba da canki-canka zai sha mamaki a nan. A wata jarrabawar Linux mai suna LPIC-1, misali, tambaya 60 ake amsawa cikin minti 90. Ita kuwa EX200 kwamfuta ake ajiye wa mutum da jerin ayyuka, a ba shi awa 3, a nemi maki 210 cikin 300. Zai buɗe wa ma'aikata asusu, ya raba musu izini, ya faɗaɗa ma'ajiya da tsarin LVM, ya daidaita tsarin tsaro na SELinux. Yana iya tarar da injin da ba a ba shi kalmar sirrinsa ba, sai ya katse tashin injin ya shiga da kansa.

Babu intanet, babu littafi. Abin da aka bar masa shi ne bayanan da ke cikin injin, waɗanda umarnin man ke buɗewa.

Inda gizo ke saƙa

Sharaɗi mafi kayar da mutane shi ne, dole aikin ya tsaya daram bayan an kashe injin an sake kunnawa. Wanda ya haɗa faifai ya manta bai rubuta shi a fayil ɗin /etc/fstab ba, aikinsa ya bi ruwa. Wanda kuma ya rubuta da kuskure, injin na iya ƙin tashi yadda ya kamata, sauran ayyukan da ya yi daidai su tafi tare.

Shawarwari

Kayan atisaye kyauta ne. Da manhajar VirtualBox da Linux samfurin Rocky Linux ko AlmaLinux, mai koyo zai kafa inji biyu cikin kwamfutarsa, ya lalata su da gangan, ya gyara, ya maimaita har yatsunsa su saba. Kowane aiki ya gama, ya sake kunna injin ya gani.

Tun 2020 ana iya zana jarrabawar daga gida, da kyamara da mai sa ido daga nesa. Mai zanawa daga Kano ko Maraɗi sai ya tanadi wuta da intanet da za su kai shi awa 3 ba yankewa. Cibiyoyin horarwa kuma su rage allo da alli, su ware wa kowane ɗalibi inji da agogo, su riƙa duba aikinsa bayan an sake kunna injin.