Kilam Ɗin Da Ke Riƙe Da Mol: Lacca Ga Matasan Anka, Gummi Da Bukkuyum



Butar alwala, bokiti da kujerar biki da ake sayarwa a kasuwar Gummi ko ta Anka, da yawansu daga kamfanonin roba suke fitowa, irin na Sharaɗa, Chalawa da Bompai a Kano. A cikinku akwai wanda neman na kai zai tsayar da shi gaban injin da ke yin su. Injin ya tsufa: John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa suka yi masa rajista a Amurka a 1872, James Watson Hendry ya kawo mai sukuru a ciki a 1946. Injin yana narka ƙwayoyin roba da zafin da kan haura digiri 200, ya tura su cikin mol, wato mazubin ƙarfe mai ɓari biyu. Ɓari ɗaya na manne da farantin da ke tsaye, ɗayan da farantin da ke kai da komo.

Sabon ma'aikaci kan ji an ce injin tan 250 ne, sai ya ɗauka wannan ƙarfin ke riƙe da mol. Ƙarfin nan yana aiki ne kawai idan mol na rufe. Da ya buɗe, kowane ɓari yana rataye a jikin faranti, babu mai riƙe shi sai kilam da bol. Mol ɗin kujera kuwa ya wuce tan guda nesa ba kusa ba, kuma duk buɗewa fizgarsa ake yi, dare da rana.

Kilam sandar ƙarfe ce mai tauri. Bakinta na danne gefen mol, dugadugarta na kan matashi, wato ɗan ƙarfen da ke tallafe ta, bol ya ratsa tsakani ya shiga ramin faranti. Ku riƙe wannan ko da kun manta sauran: bol ya fi kusa da mol, ya yi nesa da matashi. Mutum biyu in suka ɗauki buhu rataye a sanda, wanda buhun ya fi kusa da shi ya fi jin nauyi. To haka nan. Bol na tsakiya, mol ya samu rabin matsin. An matso da shi har tazararsa da matashi ta ninka tazararsa da mol, mol ya samu kashi biyu cikin uku. An kai shi baya kuwa, gumin da aka yi da sifana duk matashi ya cinye. Tsayin matashi kuma ya yi daidai da gefen mol ko ya ɗara kaɗan. In ya gaza, bakin kilam zai ɗaga, ya riƙa zamewa a hankali ba wanda ya lura.

Bol ma ba kowanne ba. Ku duba lambar da ke kansa, 8.8 ko 10.9 ko 12.9, ku sa wanda littafin injin ya ambata, da wosha mai tauri. Ya shiga ramin aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurinsa, amma kada ya taɓo ƙarshen ramin, don zai yi kamar ya ɗauru alhali bai danne komai ba. Injinan da ake sayowa na hannu wasu zarensu na milimita ne, wasu na inci, kuma cusa wannan a ramin wancan shi ke cinye zaren faranti. Kilam ɗin da ya tsage a jefar da shi. Walda ba ta mayar masa da ƙarfinsa, komai iyawar mai waldar. Ɗaurewa da sifanar da ke auna ƙarfi ake yi. Zura mata bututu a hau da ƙafa jarumtar banza ce.

Sauran a taƙaice: aƙalla kilam huɗu a kowane ɓari, a rarraba su daidai, kada a kwance ƙugiyar ɗaga kaya sai an gama ɗaurewa, a kashe wuta a kulle makunnin kafin hannu ya shiga tsakanin faranti, in mol ya ɗau zafi a sake dubawa. Akwai kilam mai aiki da matsin mai da faranti mai maganaɗisu, sun fi sauri, sun fi tsada.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani kan illar aikin da ba a san haɗarinsa ba. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da gubar dalma a garuruwa irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega, yara aƙalla 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Dutsen zinari aka riƙa niƙawa a cikin gari, ba wanda ya gaya wa iyaye abin da ke cikin ƙurar. Haɗarin kilam kam yau an gaya muku.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai kamfani kare ma'aikaci daga sassan inji masu haɗari, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa hukumar NSITF biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Diyya dai ba ta mayar da hannu. In maigidanka ya miƙo maka kilam mai tsaga ko gajeren bol, ka ce masa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a sake wani." Ku kuma malaman Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara da ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ku sa ɗalibai su ɗaura mol da hannunsu kafin ku sallame su.