Jawabi Ga Uwaye: Ku Duba Wasan Ɗiyanku



Wata mace ta kawo ɗanta wurin awo. Shekararshi 2. Yana ci, yana gudu, jikinshi lahiya lau. Amma hankalinta bai kwanta ba. Ta ce ma ungozoma: «Malama, yaron ga ba ya wasa kamar ɗiyan maƙwabta.»

Ga abin da ta gani. Sauran yara suna girkin ƙasa cikin gwangwani. Shi ko sai ya jera ƙwallon goriba, layi guda, tun hantsi har azahar. In an gusa guda, sai kuka da birgima. Wanshi ya yi mashi motar kara. Bai tura ta ba, ya kihe ta, yana ta juya ƙahwar. In an kira sunanshi, ba ya waiwaye. In jirgi ya wuce bisa, ba ya nuna ma kowa. Uwar mijinta ta ce miskilanci ne. Wasu sun ce iskoki.

Irin wannan yana iya zama abin da likitoci ke kira otisim. Wani likitan Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a 1943. Ba iskoki ba ne, ba laihin uwa ba ne. Allurar rigakahi ba ta kawo shi. Yana zuwa daga yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma gado yana da hannu ciki. Ya hi yawa ga ɗiya maza.

Amma alama guda ba ta isa ba. Yara da yawa suna jera duwatsu, su gaji, su koma cikin abokai. Yaro mai wata 12 ya kamata ya waiwaya in an kira shi. Mai wata 18 ya kamata ya nuna abu da yatsa, don a gani tare da shi. Wanda ya soma magana, sannan ya bari, a kai shi asibiti, kar a jira.

Can za a soma duba kunne, don sanƙarau da ciwon kunne suna kurumta yaro.

Babu allura ko sassaƙe da ke raba yaro da otisim. Kar ku sai da hatsinku don wannan. Amma yaron yana koyo, balle in an soma da wuri. Ungozoma ta ce ma uwar ta zamna gabanshi kullum, ta riƙe goribar, ta hwaɗi sunanta, ta dakata kaɗan, sannan ta miƙa mashi. Ta ba ta takardar zuwa ganin likitan yara a birni.