Katangar Ƙarƙashin Ƙasa Mai Kāre Ruwan Rijiya



Yau za mu yi magana a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda yake cika rijiyoyinmu. Wannan ruwa ba a tsaye yake ba, yana tafiya sannu a hankali cikin yashi da tsakuwa. In masana'anta ta zubar da dattin sinadarai cikin rami, dafin yakan nutse, ya bi ruwan, bayan shekaru ya ɓullo a rijiya mai nisa. Sau da yawa ba launi, ba wari.

To, yaya ake tare shi? Akwai hanyoyi biyu da muke so ku sani.

Ta fari, akan haƙa siririn rami kewaye da wurin, har a tarar da dutse ko yumɓu mai tauri. Sai a cika shi da ƙasa gauraye da bentonait, wani irin yumɓu mai kumbura in ya sha ruwa. Ramin ya zama katanga ke nan. A rufe saman don kada ruwan sama ya shiga, a riƙa zuƙo gurɓataccen ruwan ana tacewa.

Ta biyu, katanga ce mai aikin rariya. A shekarar 1996, a garin Elizabeth City na Amurka, an binne ɓarɓashin ƙarfe cikin rami mai tsawon mita 46, zurfin wajen mita 7. Ruwa yana ratsawa, ƙarfen yana riƙe dafin kuromiyom. Wannan sinadari ba baƙo ba ne a ƙasarmu, gama manyan majemu na Challawa da Sharada a Kano suna aiki da wani nau'insa.

Amma mu lura. Katanga ta fari tsare dafi take yi, ba ta kashe shi. Dukansu biyu suna cin kuɗi mai yawa, dole kuma a yi ta gwada ruwan wurin shekara da shekaru. Ƙauye ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka kada mu haƙa rijiya kusa da ramin dattin masana'anta. Kada mu zuba ruwan sha a durom ɗin da ya taɓa ɗaukar sinadari. In mun ga mota tana juye datti a bayan gari, mu sanar da mai gari da ƙaramar hukuma nan da nan, mu roƙa a gwada ruwanmu. Rijiyar nan 'ya'yanmu ne za su gāda.

Ubangiji ya kiyaye mu duka.