Hijabi da Yunifom a Sakandaren Gwamnati: Abin da Shari'ar Legas Ta Warware da Abin da Ta Bari

 

Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa, wato ƙa'idar sutura da yunifom a makarantun sakandare na gwamnati, mai hangensa daga nesa zai zaci bai wuce hurumin shugaban makaranta da tela ba; amma duk wanda ya bi diddigin abin da ya wakana a jihohin Legas da Osun da Kwara tsakanin 2013 da 2022 ya san cewa a kan ɗan ƙyallen da yarinya za ta rufe kanta da shi an kulle makarantu, an yi jife-jife, an rasa rai, kuma sai da alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka zauna kafin a sami hukuncin da babu ɗaukaka ƙara a bayansa. A kan waɗannan jihohi uku zan fi tsayawa, sa'an nan in juyo gida.

Malaman usulu sun daɗe da rarrabe mana tsakanin maƙasudi da wasila, wato tsakanin abin da ake nema don kansa da abin da ake bi ta kansa domin a kai ga wani abu. Yunifom wasila ce. An ƙaga ta domin ɗan attajiri da ɗan ɗan dako su zauna a benci ɗaya ba tare da rigar wannan ta ƙasƙantar da wancan ba, domin a gane ɗalibin da ya kauce ya shiga kasuwa a lokacin darasi, domin kuma a raba iyaye da gasar ɗinki wadda ba kowa ke iya ɗaukarta ba. Waɗannan duka maslaha ce ta haƙiƙa, kuma ni ba na cikin masu cewa a yi watsi da yunifom don kawai Turawa suka zo da ita. Sai dai sifar da ta zo mana da ita, siket iya gwiwa da riga mai gajeren hannu da kai a buɗe, al'adar masu makarantun farko ce, 'yan mishan da jami'an mulkin Ingila, kuma al'ada takan sauya da sauyawar wuri da zamani ba tare da maƙasudin ya girgiza ba.

A Legas, gwamnatin jiha ta hana sa hijabi tare da yunifom a makarantunta na firamare da sakandare, in ban da lokacin salla da darasin addini. A 2013 wasu ɗalibai mata biyu na wata ƙaramar sakandare da ke Surulere, ta hannun iyayensu, tare da Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya reshen Legas, suka kai ƙara. A watan Oktoba na 2014 Babbar Kotun jihar ta kori ƙarar, bisa hujjar cewa sashe na 10 na tsarin mulki ya hana gwamnati riƙon wani addini a matsayin na hukuma, kuma barin hijabi zai rushe daidaiton da aka kafa yunifom dominsa. A ranar 21 ga Yuli, 2016, Kotun Ɗaukaka Ƙara, da bakin alƙalai biyar ba tare da saɓani ba, ta soke wannan hukunci. Jiha ta wuce gaba, kuma a ranar 17 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haƙƙin ɗaliban da rinjayen biyar a kan biyu, Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ce kuwa ta rubuta hukuncin masu rinjaye. Yaran da suka shiga kotu suna ƙananan aji, kafin a gama shari'arsu sun daɗe da barin sakandare.

Abin da ya raba kotun farko da na sama, a fahimtata, shi ne wanda aka ɗora wa nauyin sashe na 10. Wannan sashe gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai umarci talaka da ya tuɓe addininsa a bakin ƙofar ma'aikata ko makaranta ba. Sashe na 38 kuwa ya ba kowane mutum 'yancin bayyana addininsa a ɓoye da sarari, ta hanyar ibada da aiki da kiyaye umarninsa, sashe na 42 ya hana a nuna masa wariya a kan haka, sashe na 45 kuma bai yarda a taƙaita wannan 'yanci ba sai da doka, kuma sai da dalili mai ƙarfi irin na tsaro ko zaman lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wani. To, wace cuta ce mayafin wannan yarinya yake yi wa ta kusa da ita a aji? Tun da ba a iya nuna cutar ba, abin da ya rage na hujja shi ne kamannin sahu a filin taron safe, kuma kamannin sahu, komai kyawunsa a ido, bai kai nauyin abin da yarinya da iyayenta suka ƙudurce cewa wajibi ne a kanta ba.

Da a ce sutura ce kaɗai asalin rigimar, da hukuncin kotu ya kashe ta. Osun ta nuna cewa akwai abin da ke ƙarƙashi. A zamanin Gwamna Rauf Aregbesola, a 2013, an sake wa makarantun jihar fasali, aka haɗe wasu da wasu, aka kuma ɗinka yunifom iri ɗaya ga jiha baki ɗaya. Sakamakon haka 'yan mata Musulmi masu hijabi suka sami kansu a makarantun da ke ɗauke da sunayen coci-coci. Da Mai Shari'a Jide Falola na Babbar Kotun jihar ya yanke hukunci a ranar 3 ga Yuni, 2016, cewa suna da 'yancin sa hijabinsu, sai shugabannin Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya a jihar suka ce to, nasu 'ya'yan ma za su zo da kayan ibadarsu, aka kuwa ga ɗalibai a makarantar Baftis ta garin Iwo sun shiga aji da rigunan mawaƙan coci. Abin ya ba wasu dariya, amma a ƙiyasi bai tsaya ba, domin babu Kiristan da ya taɓa cewa addininsa ya wajabta masa yawo da rigar mawaƙa kullum. An sa ta ne don a nuna fushi. Gwamna Gboyega Oyetola ya soke yunifom na bai ɗaya a 2020, kowace makaranta ta koma ga launinta na da, wanda tsofaffin ɗalibai suka daɗe suna kukan an raba su da shi.

A Kwara maganar ta fito fili ƙarara. A watan Fabrairu na 2021 gwamnatin AbdulRahman AbdulRazaq ta rufe makarantu goma a Ilori, dukansu masu asali da mishan, bayan an riƙa tare ɗalibai masu hijabi a ƙofa. Da aka buɗe su a watan Maris, an yi arangama tsakanin ɓangarorin biyu, shekara guda bayan haka kuma aka zubar da jini a wata makarantar Baftis da ke Ijagbo. Adalci ya wajabta mu saurari abin da coci-cocin suke faɗa: su suka sami fili, su suka gina azuzuwa da kuɗin mabiyansu tun kafin gwamnati ta san hanyar waɗannan garuruwa, sa'an nan gwamnatocin soja na shekarun 1970 suka karɓe makarantun, aka bar musu suna da tarihi. Wanda aka yi wa haka, in ya ga ana sauya kamannin wurin ba da shawararsa ba, dole ransa ya sosu. Amma tun da baitulmalin jiha ke biyan albashin malamai, jiha ke tura ɗalibai, kuma harajin Musulmi da Kirista duka yana cikin wannan baitulmali, makarantar ta zama ta jama'a, ba a kuwa rama zaluncin da hukuma ta yi shekaru hamsin da suka wuce a kan yarinya 'yar shekara goma sha uku. Mai neman a mayar masa da makarantarsa yana da hanya sananniya, domin Legas ta mayar da wasu ga masu su a 2001, Anambra ma ta yi haka a zamanin Gwamna Peter Obi. Da gwamnati ake wannan shari'a, ba da ɗaliba ba.

Kotun Ƙoli ta tabbatar da haƙƙi, amma ba ta auna yadi ba, kuma a nan ne aikin shugabannin makarantu yake. Tun a ƙarshen 2018 hukumomin ilimi na Legas suka fitar da takardar umarni cewa hijabin ya kasance gajere, mai tsabta, kuma launinsa ya dace da yunifom, wato an shigar da shi cikin yunifom ɗin ke nan maimakon a bar shi kishiyarta. Irin wannan hanya ce ta tserar da wata sakandare a garin Luton na Ingila, wadda ta riga ta shawarci iyaye da limamai ta amince da riga da wando da ɗankwali ga 'yan mata Musulmi. Da wata ɗaliba ta nemi sa doguwar jilbabi makarantar ta ƙi, kuma a 2006 kotun ƙarshe ta ƙasar ta ba makarantar gaskiya. Makaranta tana da ikon faɗin launi da tsawo, da abin da za a ɗaure a ɗakin gwaje-gwaje inda ake kunna wuta, da yadda malama mace za ta duba ɗaliba kafin jarrabawa. Faransa ta bi wata hanya dabam da dokarta ta 2004 wadda ta hana duk wata alamar addini mai bayyana a makarantun gwamnati, amma tsarin mulkinta da tarihinta ba irin namu ba ne.

Yanzu sai gida, kuma ina roƙon a yi mini haƙuri. Mu a Arewa mun yi murna da hukuncin 2022, kuma murnar tana bisa hanya. Amma sashe na 38 da ya kare yarinya Musulma a Surulere shi ne dai yake kare yarinya Kirista a makarantar gwamnati ta Kano ko Gusau ko Azare. A 2003 gwamnatin Kano ta ba da umarnin sa hijabi ga ɗalibai mata a makarantunta, aka kuma ji koke daga shugabannin Kirista. A nan ma rarrabewar malamai tana da amfani. Sutura ta kamala, riga mai dogon hannu da dogon wando ko siket har ƙasa, al'adar gari ce wadda makaranta za ta iya ɗora wa kowa, kamar yadda take ɗora launi. Hijabi kuwa, da bakinmu muka gaya wa kotu cewa ibada ce. Ibada tana buƙatar niyya, kuma fiƙihunmu bai san tilasta wa wanda ba Musulmi ba ibadar Musulmi ba. Ba zai yiwu mu kira shi ibada a Legas, inda muke neman a bar mu, sa'an nan mu kira shi yunifom kawai a Kano, inda iko yake hannunmu ba.

Akwai kuma ɗalibar da ake korowa daga ƙofa ba don addini ba, sai don rigarta ta koɗe ko takalminta ba irin wanda aka ce ba ne, alhali dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatu daga firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas. Wannan ba ta da ƙungiya, ba ta da lauya, mahaifinta kuwa in aka koro ta sau biyu sau uku sai ya ce ta zauna ta ɗauki talla. Shawarata ga ma'aikatun ilimi ita ce a rubuta ƙa'idar sutura a takarda guda, bayan an zauna da ƙungiyar iyaye da malamai da shugabannin addinan biyu, a ba kowane uba kwafinta ranar da aka ɗauki 'yarsa. A zaɓi yadin da ake samu a kasuwar garin, a bar kowane tela ya ɗinka, kada a ce sai a ofishin makaranta za a saya. Ɗalibar da ta saɓa kuma a bar ta ta shiga aji, a aika a kira waliyyinta.